Abin da ke shawagi a madadin jirgi na uku

Dab da magariba Yayan Auta ya miƙa masa makullin tashar bayan gari, ya ce ya je ya daidaita farantin da ke kallon sama, layi yana rawa. Kamfaninsu ba ya harka da tauraron ɗan adam. Jirage ne marasa matuƙi ke shawagi can saman gajimare, suna sauko wa gari da intanet. Yayan ne babban injiniya, shi ya samo wa Auta aikin, don haka ko a wuta ya ce ya sa hannu, sawa zai yi. Ya hau babur ya tafi.

Tashar ɗaki ɗaya ce da rumfa a baya. Yana buɗe ƙofa warin ƙonanniyar waya ya buge shi, haɗe da wani ƙarni kamar na jiƙaƙƙen gashin akuya. A allon kwamfuta ga jirgi na uku yana zagayensa lafiya lau, kilomita ashirin a sama.

Ya zaga rumfa neman tsani. Ya ja wani tamfol da ya tare hanya, sai ga karyayyen fiffike, gizo-gizo har ya yi saƙa a kai. Lamba uku ce a jikinsa, ɓaro-ɓaro.

To, in na uku yana nan kwance, me ke sama?

Farantin ya yi ƙara. Ƙiii. Yana juyawa da kansa.

Auta ya koma ɗaki da gudu. Lambar allon tana sauka. Sha biyu. Bakwai. Tsuntsayen da ke kuka a waje suka yi tsit lokaci guda.

Ya kira Yayan a waya, ya ce masa jirgin nan ai ya daɗe da faɗuwa. Daga nan ya ji Yayan yana kuka ƙasa-ƙasa.

"Na sani. Wata huɗu ke nan mutanen ɓoye ne suke riƙe mana layin. Sun ce in ba su jinina, ko kai ko 'yata. Ka yafe mini, Auta. Kada ka fito."

Wallahi wannan maganar ta fi tsoron ciwo. Ciki ɗaya, nono ɗaya!

Kilomita ɗaya.

Kwanon rufi ya lotsa, kamar an ɗora masa buhuna. Wani sanyin numfashi ya sauko ta huji, aka raɗa masa a kunnen hagu:

"Kai ne aka aiko?"

Ya yi bismilla, ya kama babban makunnin wuta da hannu biyu ya finciko. Komai ya mutu. Ya fita da rarrafe, ya bar babur a wurin, bai waiwaya ba sai da ya ga fitilun gari.

Kunnen hagun bai sake ji ba. Ya ajiye aikin, ya daina riƙe waya. Inna ta yi tambayar duniya me ya raba shi da ɗan'uwansa, ya ce ba komai, don zuciyar tsohuwa ba za ta ɗauka ba.

Kwana tara gari ba layi. A na goma ya dawo fes, mutane suna ta murna a titi. Da yamma Auta ya hango 'yar Yayan tana wasa a ƙofar gida, lafiyarta ƙalau. Har yau bai tambayi kowa wa aka aika a madadinsa ba.