Matar Bahagon Tabki

Ranar da Balaraba ta cika arba'in da haihuwa, tun da hantsi gidan Malam Shu'aibu da ke bayan kasuwar Madarumfa ya ɗauki ƙamshin tuya. Inna Dije ta kashe wutar ruwan wankan jego na ƙarshe, ta zubar da ganyen dogon yaro, ta zauna ɗaure wa ɗiyarta kayan komawa ɗakin miji.

"Ke, rage wannan murmushi haka!" in ji Inna Dije. "Wanda ya gan ki sai ya ce yunwa muke barin ki da ita a gidan nan."

"Kai, Inna! Ni ina na yi murmushi?"

"Ga haƙora nan duk a waje. Miƙo mini zanen goyon can, marar kunya."

Balaraba ta sunkuyar da kai tana dariya, ta gyara wa jaririnta kwanciya. Sunansa Mamman, sunan kakansa na wajen uba, shi ya sa kowa ke ce masa Abba.

Suna cikin haka sai Malam Shu'aibu ya shigo, babban ɗansa Salisu na biye da shi da wayar salula a hannu. Ko sallamar kirki bai yi ba.

"Dije, kwance kayan nan. Babu inda za ta yau."

"Malam, lafiya? Dangin mijinta fa da la'asar za su zo ɗaukarta!"

"Na ce a kwance!"

Mijin Balaraba ba ɓoyayye ba ne. Illo ne, ɗan marigayi Mamman masunci, wanda ya koyi ƙwallo ba takalmi a bakin tabki, a filin da ruwa ke bari idan ya janye. Da ƙafar hagu yake bugu, don haka ake kiransa Bahagon Tabki. Ya fara da Taurarin Gulbi ta Maraɗi, daga nan wata ƙungiya ta Yamai ta ɗauke shi, ya ci mata kofi, sannan ya tsallaka Kano, inda ya yi kaka biyu babu wanda ya kai shi zura ƙwallo. A can ne wasu mutane daga wata ƙasa mai arzikin mai suka gan shi. Suka ce suna so ya buga wa babbar ƙungiyarsu, ya kuma buga wa ƙasarsu. Za su ba shi fasfo nasu da sabon suna irin nasu, a shafe Illo, a shafe Mamman, a shafe Madarumfa daga takardunsa.

Illo ya ce su ba shi lokaci. Da suka ga yana ja da baya sai suka biyo ta hannun Salisu, Salisu kuma ya biyo ta hannun mahaifinsa da alkawarin gidan siminti a Maraɗi da kujerar Makka. Ana cikin wannan sai aka kira Illo Yamai ya buga wa Nijar wasansa na farko. Dokar ƙwallo kuwa a fili take: wanda ya buga wa ƙasarsa wasan gasa, ba ya sake buga wa wata ƙasa.

"Jibi ne wasan," in ji Salisu yana duban Balaraba. "In ya sa rigar ƙwallon Nijar ya shiga fili, shi ke nan, arziki ya wuce mu. Ke kaɗai yake jin maganarki. Ki ce masa ya ce ƙafarsa na ciwo."

"Yaya, ƙarya fa ke nan."

"Ji ta! Malama! Ƙaryar da za ta kai Baba Makka?"

Malam Shu'aibu ya zauna a kan turmi. "Kira shi, Salisu. Ke kuma ki gaya masa da bakinki: in ya buga wasan nan, ke da gidansa sai dai kallo daga nesa."

Salisu ya danna lambar, ya buɗe murya yadda kowa zai ji, ya tura mata salular. Ta karɓa.

"Salamu alaikum, maijego!" Muryar Illo ta fito cike da fara'a. "Yau sai gida, ko? Ina Abba?"

"Yana barci," in ji Balaraba. "Baba na nan, yana ji. Ya ce in gaya maka… in ka buga wasan jibi, ba zan koma ɗakina ba."



"Na ji saƙon Baba, Allah ya ƙara masa girma," in ji Illo a hankali. "To ke fa, Balaraba? Mi kika ce?"

Tun da aka ɗaura musu aure Balaraba ba ta taɓa kama sunan mijinta ba, ko su biyu ne a ɗaki, balle a gaban iyayenta. Ta dubi mahaifinta, ta dubi jaririn, hawaye suka zubo mata.

"Ni dai Illo ɗan Mamman aka aura mini," ta ce. "Ban san wani ba."

Inna Dije ta rufe baki da hannu. Salisu ya fizge salular. Malam Shu'aibu ya miƙe a fusace.

"A gabana? A gabana kike kama sunan miji? To ki zauna! Mu ga ko sunan zai ciyar da ke!"

Da la'asar gwaggwannin Illo suka zo da guɗa, suka koma ba guɗa.

Illo ya buga wasan. Ya shigo bayan hutun rabin lokaci, ya yi iya ƙoƙarinsa, amma aka ci Nijar biyu da nema. Mutanen ƙasar mai suka janye maganarsu tun kafin ya cire takalmi. Salisu ya shigo gida yana tafi.

"Barka, matar ɗan ƙasa! An sha kashi! Inna, a dafa mata tuta ta ci da daddare!"

Balaraba ta shiga ɗaki ta yi kukanta, ta fito ta ɗora tuwo.

Da Illo ya samu hutu ya zo Madarumfa. Ya tuɓe takalmi a ƙofar zaure, ya durƙusa ya gaida surukinsa. Malam Shu'aibu ya amsa da ka kawai, ya ci gaba da auna wakensa. Illo ya roƙi a ba shi iyalinsa, aka ce masa ba yanzu ba. Abin da ya samu shi ne Inna Dije ta fito masa da Abba zaure, Balaraba kuma ta tsaya bayan zana suka yi magana ƙasa-ƙasa.

"Kawunaina sun ce in kai ƙara wurin alƙali," in ji shi. "Sun ce rana ɗaya za a ba ni ke."

"Za ka kai?"

"In kai uban matata gaban alƙali? Gobe in ce wa Abba mi? A'a. Amma ke nake ji, Balaraba. Ni na ja miki wannan."

"Ba kai ka ja mini ba, da bakina na faɗa. Ƙawayena ma sun ce in goya yaro in hau kabu-kabu in tafi gidanka, wai wa zai hana ni. Na ce ba zan fita gidan ubana ta bayan gida ba. Ta ƙofa na fita ranar aure, ta ƙofa zan sake fita."

"To in ya daɗe fa?"

"Kai dai ka buga ƙwallonka. Kuma don Allah ka daina harba ta sama kamar mai korar tsuntsaye a gonar gero. Ina ji a rediyo, kunya kamar in nutse!"

Illo ya yi dariya har Abba ya firgita. Malam Shu'aibu ya yi gyaran murya daga waje, kowa ya kama kansa.

Abin ya daɗe kuwa. Damina ta zo ta wuce, aka yanke gero. Liman ya yi wa Malam Shu'aibu magana, dattawan unguwa suka yi, ya ce ɗiyarsa ce, kuma bai ce a sake ta ba. Gaskiyar magana ita ce tun tuni zafin gidan siminti ya huce masa. Abin da ya rage girman kai ne: ya riga ya faɗa a gaban mutane, bai san ta inda zai janye ba. Balaraba ta gane haka, don haka ba ta taɓa tayar masa da maganar ba. Ita ke kai masa ruwan alwala, ita ke dama masa fura yadda yake so. Wani lokaci ta ajiye masa Abba a kan tabarma ta koma ciki, ta bar shi da jikansa. Wasu ranaku abin kan yi mata nauyi, musamman in ta ga sa'o'inta sun wuce da kwanon abincin mazajensu. Sai ta kwanta ta juya fuska bango, Inna Dije ta zo ta zauna kusa da ita.

Shi kuwa Illo ya koma Kano ya ƙarasa kakarsa. Daga nan wata ƙungiya ta Arewacin Afirka ta saye shi da sunansa na yanka, ba ta nemi ya sauya ko harafi ɗaya ba. A ƙungiyar ƙasa ya tashi daga benci ya zama ba a fara wasa sai da shi. Ya ci ƙwallo a waje, ya ci a gida, har ranar da kapitan ya ji rauni aka ɗaura masa kambun a hannu. Duk hutun da ya samu, ko na kwana biyu ne, sai ya zo Madarumfa ya durƙusa a zauren nan.

Lokacin da Abba ya fara kama bango yana tsayawa, wasa mafi girma ya zo. In Nijar ta ci, za ta je babbar gasar Afirka. Aka fito da tele ƙofar gidan mai gari, aka tayar da inji saboda kada wutar lantarki ta ɗauke. Masunta suka bar komarsu, masu lambu suka bar ban ruwa. Mata suka taru a tsakar gidan Inna Dije kan ƙaramin rediyo. Malam Shu'aibu ya ce shi ba ruwansa da wasan yara, ya shige ɗaki ya ja ƙofa.

Har aka kusa tashi babu wanda ya ci wani. Balaraba ta matse Abba har ya fara kuka. Sai muryar mai sharhi ta ɗaga.

"Ga ta wurin kapitan… ya wuce ɗaya… ya wuce biyu… ya gyara ta a hagu — ta shiga! Ta shiga! Jama'a, ta shiga! Mutanen Madarumfa, kuna ji na? Ɗanku ne! Masuntan bakin tabki, ɗanku ne ya kai ƙasa gasar Afirka!"

Guɗa ta tashi, garin ya ɗauka gaba ɗaya. Cikin wannan hayaniya aka ji ƙofar ɗakin Malam ta bugu. Sai ga shi tsakar gida ba hula, rawaninsa a wuya, rediyonsa manne a kunne.

"Ya ci! Dije, ya ci! Wallahi da hagu ya buga!"

Matan suka juyo suna kallonsa. Inna Dije ta riƙe haɓa.

"Au! Malam, ashe kai ma kana da ruwa da wasan yara?"

Ya dubi rediyon hannunsa kamar bai san wanda ya ba shi ba, ya juya ya koma ɗaki.

Ranar da Illo ya iso gida, tun daga mararrabar hanyar Maraɗi aka tarbe shi. Babura, amalanke, 'yan makaranta da tutoci, makaɗa da kalangu. Manyan gari na jiransa a ƙarƙashin rumfa. Amma da ayarin ya zo bayan kasuwa, sai Illo ya ce a tsaya. Ya sauko, ya ce wa makaɗa su yi shiru, ya shiga zauren surukinsa ya durƙusa, jama'a cike da ƙofa suna leƙe.

"Baba, na zo gaishe ka. In na yi maka laifi ka yafe mini. Ina roƙon iyalina."

Malam Shu'aibu ya daɗe yana kallonsa. Ya zaci yaron zai zo da taƙama, ko ya turo manya su tilasta shi. Idanunsa suka kawo ruwa.

"Tashi, Illo. Tashi, kada ka ƙara mini kunya. Ni ne na so in sayar da abin da ba nawa ba. Na riƙe maka mata, ba ka taɓa ɗaga mini murya ba. Ita ma ba ta taɓa ɓata mini fuska ba." Ya juya ciki. "Balaraba! Ɗauko mayafinki!"

Ta fito da Abba a baya, ta durƙusa gabansa tana kuka. Ya dafa kanta ya sa mata albarka. Salisu ya raɓe a bango yana susar ƙeya.

"Ƙanwata… a yi haƙuri. Surukina, wallahi ƙwallon nan ta yi kyau."

"Ba komai, Yaya," in ji Balaraba tana share ido. "Tuwo na nan cikin kwano, na rufe maka."

Sannan Malam Shu'aibu ya yi abin da ba a saba gani ba a Madarumfa. Maimakon ya bar wa mata rakiya, sai ya kwance jikansa daga bayan uwar, ya saɓa shi a kafaɗa, ya shige gaba da ƙafa. Ɗiyarsa da surukinsa na biye, garin duka na bayansu. Duk wanda ya ci karo da shi a hanya sai ya tsaya ya ce masa, "Surukina ne! Wannan kuma jikana!" Haka ya yi ta faɗa har ƙofar gidan marigayi Mamman masunci.

'Yan'uwana matasa, ku dubi waɗannan biyu. Balaraba ta faɗi gaskiya a lokacin da gaskiyar ke da tsada, amma ba ta mayar da ita dalilin raina mahaifinta ba. Illo ya ƙi sayar da asalinsa, ya kuma ƙi tozarta surukinsa ko da ya samu ikon yin haka. Iyaye kan yi kuskure, kwaɗayi kan rufe wa babba ido. Wanda ya tsaya kan gaskiya cikin ladabi, ya yi haƙuri, Allah kan mayar masa da haƙƙinsa tare da albarkar iyayen, ba tare da ya rasa ko ɗaya ba.