Dariyar Gidan Kumatu

Idan ana yabon Kumatu a gabana, ba na tankawa. Shekara uku na yi ina haɗa masa sauti a gidan talabijin, na san shi ciki da bai, kuma ban taɓa ƙaunarsa ba. Jama'a sun san mutumin da ke ba su dariya. Ni na san inda dariyar ta fito, domin da hannuna na riƙa saka ta a shirinsa, Allah Ya yafe mini.

Yana ɗan shekara bakwai ya fara fitowa a wasan yara. Aikinsa guda ne: ya yi ɓarna, a kama shi, ya kumbura kumatun nan nasa ya ce, "Ba ni ba ne." Shi ke nan, gari ya ɗauka, sunansa na yanka ya ɓace. Uwarsa, mai ɗinki ce da mijinta ya rasu ya bar ta da shi, ita ke riƙo hannunsa zuwa wurin ɗauka. Takan zauna a benci bayan kyamara tana dariya har da hawaye, darakta na yi mata alama ta yi shiru. Dariyarta mai faɗi ce, takan ƙare da ɗan tari.

Sai yaro ya girma. Kumatu suka zube, murya ta buɗe, gemu ya fito. Yana da shekara talatin, da mata da 'ya, har lokacin kumbura fuska yake yi a gaban kyamara, ba mai ko murmushi. Ƙarshe darakta ya ce masa, "Malam, ka yi haƙuri, abin nan ya wuce. In kana son aiki, ga wayoyin fitila can ka riƙa naɗewa." Ya karɓa, amma da baƙin ciki. Na sha ganinsa yana naɗe waya yana hararar sababbin 'yan wasa kamar su suka sace masa kumatun. Yunwa ba ta dame shi ba, keken ɗinkin uwarsa na ciyar da gidan. So yake a nuna shi da yatsa a titi, ya sauka daga mota mai baƙin gilashi, waɗanda suka manta da shi su ji kunya.

Akwai abin da masu kallo ba su sani ba a sana'armu. Shirin barkwanci a rufaffen ɗaki ake ɗaukarsa, ba kowa sai ma'aikata, su ma sun gaji. Dariyar da kuke ji naɗaɗɗiya ce, ni nake zuba ta daga baya. Kumatu ya san haka, kuma ta nan shaiɗan ya shigo masa.

Wurin wani boka ya nufa. Abin da ya faru a can shi da bakinsa ya gaya mini, lokacin da faɗar ba ta da sauran amfani. Bokan yana zaune ne a wani tsohon gidan silima da aka daina amfani da shi, a ɗan ɗakin sama inda a da ake haska fim. Da rana tsaka ya je, amma ciki duhu ne, sai haske siriri da ke shigowa ta 'yar tagar majigi. Warin jemage da tsohon jini ya tare shi tun daga matakala. An jingina madubai bakwai a bango, kowanne ya juya baya. A tsakiya akwai baƙar tukunya, an ɗaure bakinta da fata, an aza muƙamuƙin kura a kai. Haƙora ne jere a zare sun zagaye wuyan tukunyar, manya da ƙanana, kuma ba na dabba ba ne.

Bokan tsoho ne busasshe, fuskarsa ba alamar ta taɓa motsi. Bai amsa gaisuwa ba.

"Ba ni dariya," ya ce.

Kumatu ya kumbura fuska ya ce, "Ba ni ba ne." Tsohon ya dube shi har kunya ta kama shi.

"Ka ga matsalarka. Me kake so?"

"Baba, so nake duk wanda ya kalle ni ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ina son suna, ina son dukiya, kuma yanzu nake so."

"Dariya ba a ƙirƙirarta, ɗebo ta ake yi daga wani wuri. Ka naɗo mini ta mutum ɗaya, na jininka ko wanda ke kwana ƙarƙashin rufinka. In na gyara ta, duk wanda ya ji ta a farkon shirinka ba zai daina dariya ba sai shirin ya ƙare."

"Ta maƙwabci fa? Ina da maƙwabci mai yawan dariya."

"Maƙwabcinka bai ci maka komai ba."

"To nawa zan biya?"

"Ni ba ka biya na. Mai dariyar ke biya. Duk sanda aka kunna ta wasu suka ji, kwana ɗaya ya fita daga kwanakinsa."

Mutumin kirki a nan zai tashi ya nemi takalminsa. Kumatu sai ya hau lissafi da yatsu. Shiri sau ɗaya ne a mako, kwana hamsin da biyu ke nan a shekara. Uwarsa na da ƙarfinta, danginsu masu tsawon rai ne. Ya ce a ransa, in an rage mata wata biyu a shekara, ai ko ji ba za ta yi ba, kuma zai gina mata gida.

"Baba, a rage mana. Rabin kwana."

"Kwana ɗaya. Ka gama lissafin?"

"Na gama."

"Kai ne ɗan talabijin, ba ni ba," in ji tsohon.

Washegari ya tsuguna gaban keken ɗinkin uwarsa, da na'urar naɗar murya a aljihu, ya kumbura mata fuska kamar da. A duniya ita kaɗai wannan abin ke ba dariya har yanzu. Ta saki ɗinkin ta yi ta ƙyaƙyatawa, ta yi ɗan tarinta, ta ce, "Allah Ya shirye ka, ɗan nan, ba ka girma." Ya kai wa boka. Tsohon ya kwance fatar, ya jefa na'urar cikin tukunya, ya tsaga harshen Kumatu da aska ya ɗiga jinin sau uku. Ya juyo da madubi ɗaya ya sa shi ya kalli kansa. A lokacin tukunyar ta yi dariya da muryar uwarsa, muƙamuƙin kurar na kaɗawa a kai. Sannan tsohon ya ciro na'urar ya miƙa masa.

Ni dai abin da na sani, ya lallaɓi darakta aka ba shi gwaji na minti goma, ya kawo mini sautin ya ce, "Mai sauti, wannan za ka saka a farko. Sau ɗaya tak, kada ka ƙara." Wasan nasa lami ne, wallahi ko ɗan yaye ba zai yi wa dariya ba. Amma da na kunna, ni da darakta muka faɗo daga kujera muna riƙe ciki. Na koma gida haƙarƙarina na ciwo, kuma na kasa tuna abu ɗaya da ya faɗa mai ban dariya.

Cikin wata uku ya zama abin da yake so. Fuskarsa a allunan talla, mota mai baƙin gilashi, gida mai bene. Halinsa ma ya fito fili. Daraktan da ya ba shi naɗin waya shi ya fara sa aka kora. Yakan watsa wa mai kwalliya ruwan shayi in ya huce, ya kira mu jakuna a gaban baƙi. Masu kallonsa ma bai ƙyale su ba, tumaki yake ce musu.

Ga inda lissafinsa ya ci shi, kuma kuskure ne da bai kamata ɗan talabijin ya yi ba. Ya manta da maimaici. Shirin da ya karɓu ba a nuna shi sau ɗaya. Tasharmu ta riƙa maimaita shi safe da yamma, aka sayar wa wasu tashoshin, masu motocin haya suka saka shi a faifai suna kunna wa fasinja, shagunan aski suka wuni da shi. Uwar ta fara rama. Gashinta ya yi fari fat cikin mako shida, hannunta ya kasa zura zare a allura. Likitoci suka ce ba su ga ciwo ba, tsufa ne kawai, amma ba su taɓa ganin mai saurinsa ba. A wata na takwas ta rasu a ɗakin bene da ya gina mata, ko hawa matakalarsa ba ta taɓa yi da ƙafarta ba.

Ranar da aka yi kwana uku da rasuwarta ya shigo ɗakina na kunna sautin, ba komai sai shuuu. Ya shaƙe ni a wuya wai na goge masa. Da ya gane dariyar ta bi mai ita, sai ya sake ni ya zauna ya dafe kai. Na ɗauka nadama ce. Ashe tunanin ta gaba yake yi.

A karo na biyu ba shi da uzurin rashin sani. Ya san maimaici, ya ga gawar uwarsa, ya naɗo dariyar matarsa duk da haka. Mace ce mai kunya, dariyarta gajeriya, takan rufe baki da mayafi. Da yake yarinya ce ta ɗan jima. Shekara ta zagayo ta ga furfura a kanta, haƙoranta suna girgiɗi, kuma duk tagar da ta wuce sai ta ji muryarta na dariya a ciki. Wata rana ta tare shi a bakin mota, ina wurin.

"Baban yarinya, muryata ce a shirin nan. Kafin tawa ta Inna ce. Me ka yi mana?"

"Ke dai ba ki da godiya. Wa ya saya miki abin da ke wuyanki?"

"Ka cire ni. Don girman Allah ka cire ni."

Ya yi tsaki ya rufe gilashi. Bayan wata biyu kanta ya juye. Ta toshe kunnuwa da tsumma, ta fasa duk talabijin da ke gidan, tana bin bango tana cewa a dawo mata da abinta. Ya kulle ta a ɗakin baya ya ce wa 'yan jarida tana jinya a waje. A can ta ƙarasa, tsohuwa tukuf mai shekara ashirin da tara.

Saura mutum ɗaya a gidan. 'Yarsa, shekararta shida, ta ɗebo kumatunsa na da sak, har ma'aikata na kiranta 'Yar Kumatu. In akwai abin da mutumin nan ya so bayan kansa, to ita ce. Ya yi sati biyar yana shiri da dariyar kanti irin wadda kowa ke amfani da ita, masu talla suka fara janyewa, aka fara cewa ya ƙare. Wannan kalmar ce ba ya iya ji.

Sai ya yi dabara irin tasa. Ya shirya shiri na musamman, kai tsaye, ya sa shugaban tasha ya sa hannu cewa ba za a taɓa maimaita shi ba. Ya tsaya a kaina na saka dariyar yarinyar sau ɗaya, ya tsaya a kaina na goge ta. Kwana ɗaya tak daga ran yarinya mai shekara shida, in ji shi daga baya, wa zai kira wannan kisa? Dariya ce siririya mai daɗi, da ɗan shaƙuwa a ƙarshe. Shirin ya tashi kan gari.

Washegari da hantsi ya shigo ɗakina baki har kunne. Muna tsaye wayar mai shara ta yi ƙara a baranda, kuma ƙarar dariyar yarinyar ce. Wani mai kallo ya naɗe ta daga talabijin ya mai da ita ƙarar kira, ya tura wa abokai. Kafin mu fita harabar tasha mun ji ta a aljihu huɗu.

A nan ya durƙusa ya riƙe ƙafata ya zayyana mini komai, tun daga matakalar gidan silima.

"Mai sauti, ka taimake ni. Kai ka san na'ura. Ka janyo ta."

"Daga wayar wa zan fara?" na ce. "Ka tashi ka sake mini ƙafa."

Ya ruga wurin boka. Ya tarar da shi a zaune, da zare a hannu yana jiran sababbin haƙora.

"Baba, ka ɗauki nawa kwanakin."

"Naɗo taka dariyar, in kana da ita."

Ya buɗe baki ya yi ta ƙoƙari, ba abin da ya fito sai iska. Rabonsa da dariya tun ranar da aka tsaga masa harshe.

Ya fito a talabijin yana kuka yana roƙon jama'a su goge ƙarar. Suka ɗauka sabon wasa ne, suka ƙara yaɗa ta. Yarinyar kwana tara ta yi. Na je na gan ta a na bakwai, kuma da ban je ba. Kumatun sun zube, kai ya yi fari, tana kwance cikin rigar makaranta tana tambayar ubanta da muryar tsohuwa me ya sa ƙafafunta ba sa tashi. A rana ta tara, wajen la'asar, wayoyin gari suka koma shuuu a lokaci ɗaya.

Na ajiye aikin a makon. Gidan benen yana nan a rufe, ba mai saye ba mai haya. Shi kuwa Kumatu kuna iya ganinsa a bakin babbar kasuwa, ba takalmi, yana fizge wayoyin mutane yana bugawa da ƙasa. In aka kama shi aka fara duka, sai ya kumbura busasshiyar fuskar nan ya ce, "Ba ni ba ne." Mutane na taruwa su yi ta dariya, ta gaskiya, wadda ba wanda ya naɗo ta daga ko'ina. Ni ba na tsayawa, kuma ba na jin tausayinsa.

Kai da kake ganin lokacinka ya wuce, har ka fara tambayar hanyar irin wannan ɗakin, ka ji ni da kyau. Boka bai yi wa Kumatu ƙarya ko ta kalma ɗaya ba, ya faɗa masa farashi ya kuma tambaye shi ko ya gama lissafi. Kwaɗayi ne ya riƙe masa yatsun da ya ƙirga da su. In naka ya fara yi maka irin wannan lissafin, ka koma gida ka dubi waɗanda ke yi maka dariya kyauta, ka bar musu kwanakinsu.