Turaren Wuta a Ɗakin Tuzuru

Kai ma ka gan shi, kada ka ce ba ka sani ba. Kun sha haɗuwa da irinsa a matakala, ka sunkuyar da kai kan wayarka har ya wuce. To, saurari abin da ya same shi a garin da muke aza tubalinsa yau da hannunmu.

A ɗaki na tara, hawa na talatin da ɗaya, fitilar cikin kabad ta kunna kanta da hantsi, ƙaramar fanka ta soma juyawa. Sabi'u ya buɗe murfin ya tsuguna. Tsiron wiwi ne guda ɗaya a tsohon bokitin fenti, ya kusa kai masa gwiwa.

"Ka ƙara tsawo," in ji shi. Muryar ta fito a dushe, don tun shekaranjiya bai yi amfani da ita ba.

Shekara ta 2094 ce a Sabuwar Dala, garin dogayen benaye marasa taga. Aikin Sabi'u wanke faifan sola ne a can bayan gari, amma ƙafarsa ba ta taɓa taka wurin ba. Daga kujerarsa yake sarrafa mutum-mutumin da ke wankin. Abinci ta bututu yake iso masa. Shekararsa huɗu a benen, ba wanda ya taɓa ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Wani direban jirgin kaya ne ya ba shi irin, ya ce hayaƙinsa na rage kewa. Sabi'u bai taɓa shuka ko albasa ba. Ya farfasa tsohuwar wadrob ya haɗa kabad, ya ciro fitila da fanka daga wata matacciyar na'ura. Tsirai biyun farko sun ruɓe saboda ya cika musu ruwa. Na ukun ya rayu, kuma kafin ya yi wata guda Sabi'u ya manta da zancen hayaƙi. Abin da yake so kawai shi ne ya tashi da safe ya tarar wani abu ya canza a ɗakin.

Sai wari ya soma.

Kowane bene a Sabuwar Dala yana da Hancin Gida, wata na'ura da ke ɗanɗana iskar ɗakuna ta ramukan silin. In ta ji haramtaccen abu, ta kulle ƙofa ta kira jami'ai, hukuncin kuma kora ce daga gari. Abu ɗaya ne aka hana ta shiga harkarsa, wato turaren wuta. Farkon kafa ta, ta riƙa kulle ɗakunan amare tana zaton gobara ce, har mata suka fito zanga-zanga aka toshe mata wannan ɓangaren. Sabi'u ya san da haka. Ya yi odar kasko da turare mai kauri, ya riƙa banka shi safe da yamma.

Na'urar ta yi shiru. Amma ƙamshin ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya cika baranda.

Ranar Laraba bayan la'asar aka yi sallama. Sabi'u ya daɗe a tsaye kafin ya gane da shi ake. Ya buɗe ƙofar kaɗan, ya tare da jikinsa. Wata tsohuwa ce riƙe da kwano a rufe, Gwaggo Tabawa ta ɗaki na sha biyu.

"Kai ɗan nan, haka ake yi? Ka yi aure ka ɓoye mana, ko goro ba mu gani ba?"

"Aure kuma, Gwaggo?"

"Kada ka raina mini hankali. Kwana tara ina jin turaren nan. Wane tuzuru ne ya san wannan haɗin? Ina take?"

Bakinsa ya riga tunaninsa. "Tana barci."

"Da la'asar? Lallai ka samo 'yar hutu." Ta miƙa masa kwanon. "Dambu ne, ka ce mata daga uwarta. Gobe da hantsi zan taho da matan hawan nan ganin ɗaki. Ka kuma aske wannan gemun, kamar wanda ya fito daga rijiya. Wai ma yaya sunanka?"

"Sabi'u."

"To, Sabi'u, Allah ya ba da zaman lafiya."

Ya zauna a ƙasa ya cinye dambun da hannu, da ɗuminsa. Rabonsa da abincin da hannun mutum ya taɓa har ya manta. Ya kalli kabad ɗin. Mata masu ganin ɗaki ba abin da ba sa buɗewa. In ya hana su shiga, ba za su ƙara dawowa ba. In ya bar su, za su gani.

Washegari da sassafe ya aske gemu, ya share ɗakin, ya shirya abin da zai faɗa: babu amarya, Gwaggo, ƙarya na yi, amma ku shigo ku zauna. Ya kashe fitilar kabad. Ya kama tsiron daga tushe ya tumɓuke, ya naɗe shi a tsohuwar riga.

"Ka yafe ni," in ji shi.

Ya jefa ƙullin a bututun shara. Abin da bai sani ba shi ne bututun yana da nasa hancin, kuma babu turaren da ke kaiwa can. Kafin ya juyo, ƙofar ɗakinsa ta kulle kanta.

Da hantsi mata shida suka iso da kwanuka, ɗaya har da zanin da za ta ba amarya. Suka tarar da jan tambari a ƙofar. An riga an fita da shi ta lif ɗin kaya.

"Ita yarinyar fa?" Gwaggo Tabawa ta tambayi allon na'urar da ke jikin bango. "Ina aka kai ta?"

"Mutum ɗaya ne ke zaune a ɗakin nan," in ji allon.

A rahoton wannan makon, injiniyoyi sun yi alfahari cewa Hancin Gida ya gano ganyen cikin daƙiƙa uku. An tafa musu a zauren taro. Babu wanda ya tashi a zauren ya tambayi yadda aka yi muka ƙera na'ura mai jin warin ganye a cikin shara, amma muka zauna bango ɗaya da mutum har sai da ya koma hira da bokitin fenti.

Wannan garin bai gama ginuwa ba tukuna, kuma kana cikin maginansa. Ajiye karatun nan. Akwai ƙofa kusa da taka da ba ka san sunan mai ita ba. Tashi ka je ka yi sallama, ka tsaya har a amsa.