Gyaran Minti Goma

Auta ce ta buɗe masa ƙofa, idanunta sun yi ja. Injiniya, kamar yadda ake kiransa a shagon gyara, kwamfuta aka kira shi ya duba, amma yana ganinta ya ji ta kwanta masa a rai.

"Kwamfutar Baba ce," ta ce. "In an kunna sai wasu rubuce-rubuce su wuce, daga nan allon ya yi baƙi ƙirin. Wurin sa faswod ɗin ma ba ya fitowa."

Baba tsohon malamin makaranta ne. Shekara shida yana rubuta littafinsa a cikinta, kuma ba shi da kwafi a ko'ina. Yana gefe ya yi tagumi.

Injiniya ya danna maɓallai uku tare, allon rubutu zalla ya fito. Ya shiga ta nan ya duba ma'ajiya, ya tarar ta cika maƙil, shi ya sa shafin shiga ya kasa tashi. Fina-finai ne jibge sun fi ɗari. Ya ɗago ido, Auta ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Littafin kuwa yana nan lafiya lau. Gyaran minti goma ne.

"Aikin zai ci kwana huɗu, Baba," ya ji bakinsa ya faɗa. "Kullum zan riƙa zuwa."

"Littafin fa, yaro?"

"Muna fata, Baba."

Kwana biyu yana zuwa yana danne-dannen banza, Auta na kawo masa ruwa, hira tana tsawo. A rana ta uku saƙonta ya shigo:

"Injiniya, Baba ya daina cin abinci. Ɗazu aka auna jininsa, ya hau. Fina-finaina ne suka jawo, ko? Don Allah kar ka ɓoye min."

Ya zo a guje, ya kwashe fina-finan zuwa filas, 'yar ma'ajiyar da ake sokawa a jikin kwamfuta, ya sake kunnawa. Shafin shiga ya fito tas. Baba ya buɗe littafinsa, ya yi ta sa wa Injiniya albarka har da hawaye. Kowace albarka kamar ana zuba masa ruwan zafi.

Soyayya ta yi ƙarfi tsakanin Injiniya da Auta, tana ce masa "Gwanina", yana ce mata "Sanyin idona". Amma abin bai bar shi ba. Saura mako kawunnansa su je neman aure ya durƙusa gaban Baba ya faɗi komai, bai dai ambaci mai fina-finan ba.

Baba ya ɓata rai. "Wato kana kallona ina ramewa, kai kana zance? Tashi ka ba ni wuri."

Injiniya ya tura wa Auta saƙo: "Sanyin idona, na ɓata komai. Na cuci Baba, na cuce ki. Ki yafe min."

Sai washegari ta amsa: "Na ji haushinka sosai. Amma ni ma na faɗa masa nawa laifin. Yanzu mu biyu ne ba ya kulawa."

Wata biyu cur, sannan Baba ya aika a kira shi. Ya nuna masa kwamfutar.

"Zauna. Koya min abin da ka yi, daki-daki. Ba na son wani ya sake tsorata ni da baƙin allo."

Injiniya ya nuna masa maɓallan, da yadda ake duba ko ma'ajiya ta cika, da yadda zai ajiye kwafin littafin a wuri biyu. Baba yana rubutawa a takarda kamar ɗalibi. Da suka gama ya cire tabarau.

"Da ka yi shiru, har in mutu ban sani ba. Ka san za ka iya rasa ta, amma ka faɗa. Ka ce wa kawunnan naka su zo."

Injiniya ya share hawaye. Auta kuwa tana bayan labule, ta toshe baki da mayafi.

Ranar da za a kai amarya Baba ya kira su ɗakinsa, ya dafa kan kowannensu.

"Waccan albarkar da ƙarya ka karɓe ta," ya ce wa angon. "Wannan kuwa na san wanda nake ba wa. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya."

Suka amsa da amin.