Tangaɗin Hulda da Meshak

A ajin waƙoƙin Turanci a kwalejin Gidan Waya Hulda ta fara lura da Meshak. Malami na karanta baiti, shi kuma yana buga tebur da yatsa, a hankali sannan da ƙarfi.

An ce su ja layi kan gaɓar da ake dannawa, Hulda ta dinga ja inda murya ta hau sama, yadda kunnenta ya saba a yaren gida. Sifili ta samu.

"Kunnenki na miki wayo," in ji Meshak. "Bari ƙafa ya koya miki."

Haka suka riƙa bin hanyar Fadan Kagoma da yamma suna karanta baiti, taku mara nauyi, taku mai nauyi, sau biyar kowane layi. Kafin jarrabawa har ya fara kiranta Zumana, ita ma ba ta hana ba.

Jason, wanda ya daɗe yana sonta a banza, ya gan su daga kan babur. Bai zame ko'ina ba sai gaban babanta, Azariya, dattijon ikilisiya. Ya ce ya ga Hulda da wani sun sha burukutu suna tangaɗi a titi.

Baba Azariya ya ce kada yaron ya kuskura ya tako masa gida.

Hulda ta yi kuka sosai, sannan ta tura saƙo: "Masoyi, Baba ya ce kai mashayi ne. Ka zo ran Lahadi bayan sujada, ko da zai kore ka."

Ran Lahadin Meshak ya zo, ya durƙusa ya gai da Baba Azariya.

"Hura mini numfashinka," in ji tsohon. Ya hura, babu warin burukutu. "To, ku yi tafiyan nan in gani."

Suka ratsa tsakar gida suna karanta baitin, kaji na watsewa. Maman Hulda ta toshe baki da zani tana ɓoye dariya. Tsohon ya sa suka sake, suka kuma sakewa, yana kallon ƙafafunsu kawai.

"Na ga mashaya da yawa," ya ce. "Ban taɓa ganin wanda tangaɗinshi ya fito iri ɗaya sau uku ba. Ka turo iyayenka."

Bayan girbin citta aka ɗaura aure a Kafanchan. Baba Azariya ya ɗora hannu a kansu, ya ce, "Ubangiji ya riƙe ku." Coci ta amsa da amin.