Akwai Mai Sauka

Dab da magariba Auta ya shiga harabar masu duba lafiyar motoci da tsohuwar bas ɗinsa. Ya yi shekaru a waje, ya dawo hannu rabbana. Kawunsa, tsohon direba, shi ya damƙa masa makullinta kyauta, yana cewa, "Ɗan 'yar'uwata guda, in ban ba ka ba wa zan ba?" Auta ya kwance kujerun kaf, ya kafa madubai, ya mai da ita shagon aski mai yawo. Takardar izinin hawa titi kawai ta rage ya fara neman na kansa.

Mai dubawar wani dattijo ne, yana ta hamma.

"Kai ne na ƙarshe, samari. Hau sikeli."

Ya hau. Dattijon ya dubi allurar sikelin, ya dubi motar.

"Wasa kake da ni? Sauke mutanenka tukuna."

"Baba, ko kujera babu a ciki."

Dattijon ya leƙa da tocila, ya taɓe baki. "To sikelin ne ya tsufa kamar ni. Kama layin gwajin birki. In na ɗaga hannu, ka taka."

Auta ya ja mota. Warin sabon fenti ya ɓace. Wani wari ya taso, na laka da ruɓaɓɓiyar ciyawar kogi.

Ɗis. Ruwa mai sanyi a ƙeyarsa.

Sai aka bugi jikin motar sau biyu, irin bugun kwandasta in ya ce a tafi. Mota ta ƙara wuta da kanta.

Dattijon ya ɗaga hannu. Auta ya taka birki, birki ya nutse har ƙasa.

Ga katanga tana tahowa.

"Direba," aka raɗa masa a kunne, "ina kujerunmu? Mun gaji da tsayuwa."

Ya ɗaga ido. Kowane madubi cike da fuskoki. A jiƙe. Suna kallonsa.

Bakinsa ne ya riga hankalinsa.

"Akwai mai sauka!"

Bugu ɗaya. Motar ta tsaya cak, hancinta na shafar katanga. Auta ya faɗo waje yana rarrafe.

Dattijon ya ɗago shi. "Yanzu na gane ta. Ita ce ta faɗa kogi da fasinjoji shekarun baya. Direban kaɗai ya fito. Ba zan sa mata hannu ba."

Auta ya tarar da Kawu a ƙofar gida ya miƙe ƙafa, yana sauraron rediyo.

"Kawu, ka sani?"

Kawu bai ko rage muryar rediyon ba. "Mai makulli suke bi, ɗana. Tun da ka karɓa nake samun barci."

Auta ya jefa masa makullin. Kawu ya janye ƙafarsa da sauri, ya bar shi a ƙasa.

Da gari ya waye, Auta ya sa hannu a aljihu. Makullin na nan, yana ɗigar da ruwa.