Ƙofar da Halliru Ya Toshe a Jikin Salansa

Da almurun wata Laraba Halliru ya gama shafa wa salansar babur ɗinsa baƙin fenti, ya jingine ta a katanga tana sheƙi. Matarsa Hassana na tuƙa tuwo, 'yarsu Karimatu mai shekara goma sha uku na kora kaji akurki. Sai dutse ya faɗo kan kwanon ɗaki. Aka ce yaran unguwa ne. Na biyu ya faɗo cikin tukunyar miya, aka leƙa waje, babu kowa, ko kare.

Halliru mahauci ne a Pumpumre, cikin Garwa, kuma mutum ne da ba ya iya ganin ƙarfe a yashe ya wuce. A zamanin Shugaba Ahijo ne, babur ya fara yawa a gari, shi ma ya samu tsoho a hannun wani ma'aikacin auduga daga Kaele don ɗauko nama daga mayanka. Komai nasa lafiya, salansa ce kawai babu, in ya tayar da shi sai unguwa ta ɗauka.

To, a gindin tsamiyar bayan gidansa akwai wata salansa da ke kwance tun kafin ya sayi gidan. Tsatsa ta ci ta ta yi jawur, har ta huje a gefe, rami kamar bakin kwalba. Kowa ya san abu mai rami in ya daɗe a yashe ba a ɗaukarsa haka nan. Sai an ƙwanƙwasa sau uku, an yi sallama da bismilla, an ba shi kwana guda. Hassana ta tuna masa, ta ƙara da cewa ko awaki ba sa kiwo a wurin. Ya yi dariya ya ce tun yaushe awaki suka zama malamai, ya sunkuya ya ɗauka.

Aiki kam ya yi, ba a raina masa. Ya jiƙa ta a ruwan tsamiya kwana biyu, tsamin ya saki tsatsar, ya bi da buroshin waya da samfefa har ƙarfen ya yi fari. Ya kai wa Edouard mai walda ya yi wa ramin nan faci, sannan ya dawo ya yi fenti.

Ranar Alhamis ya ɗaura ta. Babur ya yi laushin murya, amma can ƙarƙashin ƙarar injin akwai wani siririn sauti da ke tashi yana sauka. Hassana ta saki tsintsiya ta ce wannan ai kukan jariri ne. Halliru ya ce ƙarfe ne bai zauna ba tukuna. Shi ma ya ji abin da ta ji, amma nama na jiransa, ya hau ya tafi.

Kwana uku yana hawa, kwana uku ana jifa da zarar rana ta yi ja. Ran Asabar Karimatu ta daina cin abinci. Da magariba ta doso, ta tashi ta durƙusa gaban babur, ta kama salansar da farce tana kankarar fentin. Ƙarfen da zafinsa, amma ko gezau. Uban ya je janye ta, ta ture shi da hannu ɗaya, ƙaton mahaucin da ke kayar da sa, sai ga shi a ƙasa. Ta waigo, idanun ba nata ba ne. Tsoro ya kama Halliru irin wanda bai taɓa ji ba, ya fita da gudu babu takalmi ya kira Modibbo Ilyasu, dattijon malamin unguwa.

Modibbo bai yi gaggawa ba. Ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya zauna nesa kaɗan da yarinyar, ya fara karatu a hankali. Gidan ya yi tsit, har kajin ba sa motsi. Can yarinyar ta yi wani nishi mai nauyi, muryar babbar mace ta fito daga bakinta. Modibbo ya tambaye ta ko wace ce, me kuma take nema a jikin 'yar mutane.

"Ɗana nake nema," in ji muryar. "Na fita ɗibar ruwa, na dawo babu gida. Mai gidan nan ya ɗauke shi, ya toshe ƙofar da wuta. Ɗana na ciki. Kwana uku ke nan yana gasa mini shi."

Hassana ta toshe baki. Modibbo ya ce ai bututun da baki a buɗe, me ya hana ɗan nata fita. Ta ce su ƙofa ɗaya gare su, inda suka shiga nan suke fita. Sannan ta faɗi buƙatarta: a buɗe ƙofa, kuma yarinyar nan tata ce, ɗa a madadin ɗa.

Modibbo ya ce ƙofa za a buɗe yanzu, wannan haƙƙinta ne, amma yarinya ba ta ɗauki ƙarfe ba, ba ta kunna wuta ba, kuma Wanda ya halicci mutum da aljan bai yarda a kama wani da laifin wani ba. Ya ɗaga murya da karatu. Jikin Karimatu ya sandare, wuyanta ya lanƙwashe baya har Halliru ya ji ƙashi na ƙara.

"Baiwar Allah, ni ne," in ji Halliru. "An gaya mini, na ƙi ji. Na ji kukan, na hau. Ki ɗauka a jikina."

 Muryar ta ce ta yarda, a ba ta ƙafar da yake tayar da injin da ita. Modibbo ya buɗe baki zai hana, Halliru ya riga shi cewa ya ba ta.

Da hannunsa ya kwance salansar, ya kai ta gindin tsamiya, ya sa kurfi da guduma a kan facin Edouard. Wannan karon ya ƙwanƙwasa sau uku, ya yi sallama. Facin na ɓallewa wani ɗumi ya bi ta kan yatsunsa ya wuce. Karimatu ta naɗe hannuwa a ƙirji kamar mai rungume da jariri, ta jijjiga sau biyu, ta ce a hankali, "Yana numfashi." Sai ta sulale a jikin uwarta, ta buɗe ido ta ce tana jin yunwa.

Halliru ya yunƙura zai je wurinta, ƙafar dama ta ƙi ɗaukarsa. Da rarrafe ya ƙarasa.

Babur ɗin bai sake tashi ba, ya bayar da shi. Shekara da shekaru mutanen Pumpumre na ganinsa yana dawowa daga mayanka da nama a ka, yana jan ƙafa. In an tausaya masa, sai ya nuna Karimatu da haɓa ya ce ai da sauƙi aka sayar masa. Salansar kuwa tana nan gindin tsamiya, damina biyu ta mayar da ita jawur, kuma bai taɓa wucewa ta wurin ba tare da ya yi sallama ba.